ABIN DA ƘASA TA ƁOYE: DAGA IGBO-UKWU ZUWA ƊAKIN MITRAS NA LANDAN

Daga Wakilinmu na Arewa

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Anacha da Inugu da Fatakwal sun sha ratsa garin Igbo-Ukwu a mota, wani da lodin albasa, wani da shanu, wani da buhunan wake, amma kaɗan ne suka san abin da aka tono a ƙarƙashin ƙasar garin nan. Garin yana cikin Jihar Anambra, kimanin mil 25 kudu maso gabas da Anacha. In ka dube shi ba za ka ga abin da ya raba shi da sauran garuruwan Ibo ba. Amma a jami'o'in duniya, duk inda ake koyar da tarihin Afirka, sai an ambaci sunansa.

A yau za mu ba masu karatu labarin wannan wuri, mu haɗa da labarin wani tsohon ɗakin bauta na Rumawa da aka tono a tsakiyar birnin Landan. Ko da yake akwai teku da hamada tsakaninsu, darasinsu ɗaya ne, kuma ya shafi duk mai haƙa rijiya, da leburan gini, da mai sayen tsofaffin ƙarafa.

Kaza ta kwana kan dami

Wajen shekara ta 1938 wani magidanci mai suna Isaiah Anozie ya tashi haƙa ramin tara ruwan sama a bayan gidansa, domin ƙasar tasu tudu ce, ruwa yana wuya da rani. Bai yi nisa da haƙa ba sai fartanyarsa ta bugi ƙarfe. Ya yi ta fid da kwanoni da tukwane da wasu kayayyaki na tagulla waɗanda tsatsa ta mayar kore. Da yake bai san darajarsu ba, sai ya jingine su jikin bango, ya rarraba wa maƙwabta wasu, har akwai kwanon da ya mayar na ba awakinsa ruwa. Hausawa suka ce rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Labari ya kai kunnen wani Baturen mulki na Awka mai suna J. O. Field, ya zo ya sayi da yawa daga ciki, ya rubuta bayaninsu a 1940. Daga nan sai maganar ta kwanta kusan shekara 20, har Bernard Fagg, shugaban Sashen Kayan Tarihi na Nijeriya, ya gayyato wani masani daga Ingila, Thurstan Shaw, don ya haƙa wurin bisa ƙa'ida. Shaw ya yi aiki daga ƙarshen 1959 zuwa 1960, sa'an nan ya komo a 1964 lokacin yana shehun malami a Jami'ar Ibadan.

Ramuka uku

Wurare uku aka haƙa, aka sa wa kowanne sunan mai gidan: Igbo Isaiah, da Igbo Richard, da Igbo Jonah, dukansu 'yan gida ɗaya.

A na farko an tarar da kaya a jere bisa wani dandamali na laka, kamar yadda masu su suka ajiye su. Akwai kwanonin tagulla masu siffar ƙwarya, da waɗanda aka zuba da siffar dodon koɗi, da kawunan sanduna, da wuƙaƙe, da abin wuya masu kan giwa da kan rago. Jikin kwanonin an yi masa ado da fari da ƙudaje da ƙwari, ƙanana ƙanana, kai ka ce yanzu za su tashi. Wanda ya fi shahara shi ne wata tukunyar tagulla da aka yi wa ragar igiya, ita ma igiyar ta tagulla ce, da ƙulle-ƙullenta. Masana suna ganin wurin nan ma'ajiyar kayan tsafi ce, mai rufi mara nauyi, wadda aka tafi aka bari, rufin ya faɗi, ƙasa ta binne.

Na biyu kabari ne. An gina ɗaki na katako a ƙarƙashin ƙasa, aka zaunar da mamacin bisa kujera mai ƙusoshin jan ƙarfe, da kambi a kansa, da farantin jan ƙarfe a ƙirjinsa, da mundaye, ƙafarsa bisa hauren giwa. Kusa da shi akwai ƙoƙon kan damisa na tagulla, da wani mariƙi mai siffar mutum bisa doki, fuskarsa da tsage irin wanda Ibo ke kira ichi. A saman rufin ɗakin an sami ƙasusuwan mutum aƙalla 5. Masana da yawa suna danganta shi da sarautar Eze Nri, watau sarkin tsafi na ƙasar Nri, wanda ikonsa ya dogara ga addini, ba ga yaƙi ba.

Na uku rami ne da aka zuba kaya a ciki da gangan: tukwane, da tagulla, da toka, da ƙasusuwan namun daji.

Gaba ɗaya an sami kayan jan ƙarfe da tagulla da baƙin ƙarfe sama da 700, da duwatsun ado wajen 165,000, na gilas da na dutse. Sama da 100,000 daga cikinsu a kabarin nan kaɗai suke.

Shekara nawa?

Mai karatu zai tambaya, yaya aka san shekarunsu alhali babu rubutu? To, ga yadda abin yake. Duk abu mai rai, itace ko dabba, yana ɗauke da wani irin sinadari na gawayi a jikinsa. Da zarar ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa, rabinsa yakan ƙare a cikin shekara 5,730. In aka auna abin da ya rage, sai a ƙiyasta lokacin mutuwar. Da aka auna guntun itacen kujerar mamacin sai ya nuna wajen shekara ta 850 ta Miladiyya. An yi ta gardama a kan wannan bayan da littafin Shaw mai juzu'i biyu ya fito a 1970, wasu suna cewa ba zai yiwu a ce aiki mai kyau haka ya kai wannan tsufa ba. Amma awon da aka sake yi daga baya bai kauce ƙwarai ba, yawancin masana sun tsaya a kan ƙarni na 9 zuwa na 11. Ashe ke nan maƙeran nan sun yi aikinsu shekara ɗaruruwa kafin jirgin Turawan Fotugal ya taɓa gaɓar ƙasar nan.

Hanyar zubinsu kuwa ita ce wadda maƙeran fari suka sani. A gina siffar abu da kakin zuma ko ƙaron itace, a lulluɓe da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya zube, sa'an nan a ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa. In ya huce a fasa yumɓun. Kowane zubi sau ɗaya ne, in ya ɓaci sai a sake daga farko. Binciken da aka yi a kan ƙarfen ya nuna yawancinsa daga ma'adinan yankin Abakaliki ya fito.

Duwatsun ado su ne suka fi jan hankalin ɗan kasuwa. An gano wasunsu daga Masar suka fito, daga tsohon birnin Fustat, watau tsohuwar Alƙahira, an kuma sami irinsu a Gao ta ƙasar Mali, a bakin kogin Kwara. Wannan ya nuna tun shekara 1,000 da suka wuce akwai hanyar fatauci, hannu zuwa hannu, wadda ta haɗa kurmin Ibo da hamada da abin da ke bayanta. Ga kuma siffar doki a ƙasar da ƙudan tsando ba ya barin doki ya daɗe. Ba mu ce Hausawa ne suka kai kayan ba. Amma hanyar da ɗan Kano ko ɗan Sakkwato yake bi yau ya sauke kaya a Anacha, tsohuwar hanya ce ƙwarai.

Addinin sojoji da 'yan kwastan

Yanzu bari mu ƙetare teku. A daular Rum, daga ƙarshen ƙarni na 1 zuwa ƙarni na 4 na Miladiyya, an yi wata ƙungiyar asiri ta masu bauta wa wani abin bauta mai suna Mitras. Sunan daga Farisa aka aro shi, amma tsarin bautar a cikin daular Rum ya girma. Maza kaɗai ke shiga, yawancinsu sojoji ne, da fatake, da ma'aikatan kwastan, da 'yantattun bayi, watau mutanen da aiki ya raba da garuruwansu. Shi ya sa aka fi samun ɗakunansu a barikoki da tashoshin jiragen ruwa da bakin iyaka. An sami alamunsu a wurare sama da 400, tun daga Dura-Europos ta Siriya a bakin kogin Furatu, har Lambaesis ta Aljeriya inda babbar rundunar Rumawa ta Afirka ta zauna, har arewacin Ingila. A garin Ptuj na ƙasar Sloveniya, rubutun da ke jikin duwatsun ya nuna ma'aikatan kwastan ne suka gina ɗakin farko.

Ɗakin bautar ƙarami ne, mai duhu kamar kogo, ba ya ɗaukar fiye da mutum 30 ko 40. Akwai dakali dama da hagu inda ake kishingiɗa a ci abinci tare. A ƙuryar ɗakin kuwa kullum siffa ɗaya ce: wani saurayi da hula mai lanƙwasa ya danne bijimi yana soka masa wuƙa, kare da maciji suna neman jinin, kunama ta kama marainan bijimin, hankaka yana kallo daga sama. Mutum biyu suna tsaye a gefe da itacen wuta, ɗaya ya ɗaga nasa sama, ɗaya ya sunkuyar ƙasa. Ƙungiyar tana da matakai 7: Hankaka, Ango, Soja, Zaki, Bafarishe, Manzon Rana, sa'an nan Uba, wanda shi ne shugaba.

Mutanen nan ba su bar wani littafi na addininsu ba. Kusan duk abin da aka sani game da su daga ƙasa aka tono. A Carrawburgh, jikin ganuwar da Sarki Hadiriyan ya gina a arewacin Ingila, farin da aka yi a 1949 ya sa fadama ta bushe, kawunan duwatsu suka bayyana. Da aka haƙa a 1950 sai ga duwatsun hadaya 3 da hafsoshin barikin suka kafa. Ɗaya an huda shi ta yadda in aka sa fitila a baya, haske zai fito ta kewayen kan siffar kamar hasken rana. A Tienen ta ƙasar Beljiyam kuwa, an tono ramin da aka zuba ragowar wani biki, aka ƙirga ƙasusuwan zakaru sama da 200, da na 'yan raguna da 'yan aladu. Daga shekarun dabbobin aka gane tsakiyar bazararsu aka yi bikin, lokacin da rana ta fi tsawo. Dubi abin da ƙashin kaza ya faɗa! Da wani ya riga ya tona ramin yana neman zinariya, da ya watsar da ƙasusuwan, labarin ya tafi ke nan.

Ranar ƙarshe a Walbrook

Wanda ya fi suna shi ne na Landan. Bama-baman Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu sun rushe unguwanni a tsakiyar birnin, sai masana suka sami damar duba ƙasa kafin a sake gini. A 1954 W. F. Grimes da Audrey Williams suna haƙa a wani fili a Walbrook suka ci karo da harsashin wani gini mai tsawon ƙafa 60 da faɗin ƙafa 26, wanda aka gina wajen shekara ta 240. Ba a tabbatar da ko na wane ne ba sai ran 18 ga Satumba, ranar da aka shirya tashi daga aikin, aka tono kan Mitras na farin dutse da hularsa.

Da jaridu suka buga hoton, sai mutane dubbai suka yi ta yin layi a titi don su gani. Magana ta kai majalisar ministocin Winston Churchill, aka ƙara wa masu haƙa kwanaki. A cikin kwanakin nan ne aka sami sauran siffofin a binne ƙarƙashin daɓen ɗakin, an ajiye su a tsanake, alamar masu su ne suka binne su da hannunsu a farkon ƙarni na 4. Kafin ƙarshen wannan ƙarni addinin ya mutu, musamman bayan dokokin Sarki Tiyodosiyus na 391 da 392 waɗanda suka hana yanka ga gumaka.

Amma mai fili yana son gininsa. Aka kwashe duwatsun ɗakin aka tara, aka sake jera su a 1962 a wani wuri dabam, a sarari bisa titi, aka juya fuskarsa, aka yi masa daɓen zamani. Masana suka ce an ɓata shi. Sai da kamfanin Bloomberg ya sayi filin, aka sake haƙa tsakanin 2010 da 2014, aka mai da ɗakin kusa da gurbinsa na asali, ƙafa 23 ƙarƙashin titi, aka buɗe wa jama'a a Nuwamba 2017. A wannan haƙa aka sami kaya sama da 14,000, har da allunan rubutu na katako sama da 400. Ɗaya daga ciki takardar bashi ce mai kwanan wata 8 ga Janairu na shekara ta 57, inda wani 'yantaccen bawa ya amsa cewa ana binsa dinari 105 kuɗin kayan da aka sayar masa. Ashe bashin kasuwa ba yau aka fara ba.

To, mai karatu ya ga inda labaran biyu suka haɗu. Mutanen Igbo-Ukwu da mabiya Mitras duka ba su bar littafi ba, ƙasa ce ta riƙe musu amana. Kuma a wurare biyun, inda aka sami abu, da abin da ke kusa da shi, da zurfinsa, su ne rabin labarin. Kayan da Isaiah ya fara tonowa sun nuna gwanintar maƙera kawai. Waɗanda Shaw ya tono a hankali, yana aunawa yana zanawa, su suka nuna yadda aka zaunar da mamaci da shekarun da ya yi a kwance.

Mu duba gida

Arewa ma ba a bar ta a baya ba. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu a ƙauyen Nok na kudancin Kaduna. A 1943 aka sami wani a Jama'a, wani ma'aikaci ya kai gonarsa ta doya ya kafa don korar tsuntsaye, har labari ya kai ga Bernard Fagg. Yau an san mutanen Nok sun yi waɗannan siffofi fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma suna cikin waɗanda suka fara narkar da tama a Afirka ta Yamma.

A ƙasar Katsina akwai Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani, inda tuddan kaburburan sarakunan dā suke. H. R. Palmer ya haƙa a 1907 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka sake haƙa a 1992 tare da masana daga Jamus. An sami 'yan kunne na zinariya, da wuri, da duwatsun ado, da mundayen hauren giwa, da kwanon ƙarfe da ya fito daga ƙasashen Gabas. A Kano kuwa littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala, sa'an nan masu bincike suka sami alamun narkar da tama a wurin tun ƙarni na 7.

Abin baƙin ciki shi ne abin da ya faru a shekarun 1990. Dillalai suka shiga ƙauyukan Nok da Kwatarkwashi da wasu sassan Katsina da Sakkwato, suka ɗauki matasa aikin tono, suna biyansu abin da bai taka kara ya karya ba. Kayan suka bi ta Kwatano da Lome suka ƙare a shagunan Turai, ana sayar da su kuɗi masu yawa. Har gidan tarihi na Louvre a Faransa aka ga siffofin Nok a 2000, aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga baya Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. A wannan shekara ta 2000 ne ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok da na Katsina da Sakkwato cikin jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya. Ramukan da aka bari kuwa ba su da sauran abin da za su faɗa wa kowa.

Kira ga 'yan'uwa

Dalilin kawo wannan magana a shafin nan shi ne, a garuruwan Kudu 'yan Arewa ne suka fi yawa a sana'o'in da ke taɓa ƙasa da ƙarfe. Su ne masu haƙa rijiya da masai da harsashin gini, su ne 'yan gwangwan masu yawo da kura suna sayen tsohon ƙarfe. In wani Isaiah ya tono kwanon tagulla gobe, mai yiwuwa ne ɗan'uwanmu zai fara yi wa tayi. A kan sikeli kwanon nan kilo biyu ne ko uku. In ya shiga tukunyar narki, aikin shekara 1,000 ya tafi cikin minti kaɗan, kuma babu maƙerin da zai iya mai da shi.

Sa'an nan akwai doka. Tun 1953 aka kafa dokar kayan tarihi a ƙasar nan, a 1974 aka hana cinikinsu sai ta hannun wakilin hukuma, a 1979 kuma Doka ta 77 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Haƙa don neman irin kayan nan ba da izni ba laifi ne, fitar da su waje ba da takarda ba laifi ne, wanda ya tsinta kuma wajibi ne ya sanar. Baƙo shi ya fi kowa bukatar kiyaye doka, domin laifin mutum ɗaya yakan shafi unguwa duka.

Wani zai ce, ina ruwanmu da kayan tsafin mutanen dā? Ajiye abu a gidan tarihi dabam, bauta masa dabam. Mutanen Masar sun cika gidajen tarihinsu da kayan Fir'auna, ba wanda ya ce sun koma addininsa. Abin da ake nema shi ne sanin yadda na gaba suka rayu, da abin da hannunsu ya iya, da yadda suka ƙare.

Saboda haka wanda fartanyarsa ta bugi wani abu da bai gane ba, ya dakata da haƙa. Kada ya wanke, kada ya kankare don ya ga ko zinariya ce, kada ya watsar da gawayi da ƙasusuwa da fasassun tukwanen da ke kewaye. Ya gaya wa mai fili da Sarkin Hausawa na unguwa, su kai magana ofishin hukumar, akwai shi a Inugu, akwai a Fatakwal, akwai a Igbo-Ukwu kanta. Muna kuma roƙon shugabannin 'yan gwangwan su ja kunnen yaransu. Wanda hanya ta kai shi Legas ya shiga gidan tarihi na Onikan ya ga aikin maƙeran Igbo-Ukwu da idonsa, wanda ya je gida hutu ya kai 'ya'yansa Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Jos. Gani ya kori ji.

Mutanen ƙasar Ibo sun naɗa Thurstan Shaw sarauta a 1972 saboda aikin da ya yi musu, ya rasu a 2013 yana da shekara 98. Kwanonin da aka ceto daga bakin awaki suna nan ana kallonsu, waɗanda suka salwanta kafin zuwansa kuwa sai dai labari. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.